Yadda Za Ki Tsara Waƙa Ba Tare Da An Kama Ki Ba

'Yar'uwa, idan kina cikin matan nan da Allah ya jarraba da iya wani abu, kuma kullum gabanki na faɗuwa kada wata rana a gano cewa ba ki iya ɗin ba, to gyara zama, kin zo inda za a share miki hawaye. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ki yi ta aiki har ki tsufa, jama'a su ji daɗinsa su yi ta yabo, kuma ko ɗigon yabon nan ba zai taɓa jikinki ba. An gwada hanyar a kan ɗinki, an gwada a kan kitso, an gwada a kan rubutu, duk ta yi aiki. Amma da waƙa zan yi miki misali, don a nan na samu ɗalibar da ta fi kowa ƙwazo.

Sunanta Dibora. A Lokuwa take zaune, nan cikin Mubi, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Duk waƙoƙin da zumuntar ke taƙama da su daga kanta suka fito, aka yi shekaru ba wanda ya sani. Ta bi darasi tiryan-tiryan har kusan ƙarshe, sannan ta watsa mini ƙasa a ido. Zan nuna miki inda ta zame don ke ki kiyaye.

Mataki na ɗaya: Fara da kanki

Ba za ki iya ɓoye wa mutane abu ba sai kin fara ɓoye wa kanki. Da zarar waƙa ta faɗo miki a rai, kada ki ce kin tsara. Ki ce kin tuno. Ki ce lalle kin taɓa jin ta a rediyon mai shayi, ko a wani biki da aka je da ke a goye.

Dibora ta ƙware a nan. Waƙa kan zo mata tana tsakiyar juya tunkuza a turmi, hannu na kai da komo, sai ta ji wata murya ta hau kan motsin, kalmomi na biyo ta a baya. Kafin mai ya taso, amshi ya kammala. Mace marar lissafi sai ta kama murna. Dibora kuwa tsoro ke kama ta. A ganinta masu tsara waƙa na gaskiya suna can Jos, suna da piyano da tabarau, suna rubuta do-re-mi a allo, kuma sai sun rame kafin waƙa ɗaya ta fito. Ita ko Hausar ma a kasuwa ta tsince ta, a gidansu yaren Kamwe ake yi. Ta yaya abin da ya zo wa mutum hannunsa dumu-dumu da mai zai zama fasaha?

Riƙe wannan ƙa'ida da kyau. Duk abin da ya zo miki da sauƙi ba ya shiga lissafi. Wanda ya ba ki wahala kuma hujja ce cewa ba ki iya ba. Da waɗannan biyun kin rufe ƙofar gaba da ta baya.

In waƙar farko ta yi daɗi, sa'a ce. In ta biyu ta yi daɗi, sa'ar ce ta sake biyowa ta layinku. In abin ya ci gaba shekara da shekaru, ki sani sa'ar ta gaji da ke, wannan ta hannunki ita ce ta ƙarshe.

Mataki na biyu: Nemo wadda za ki ɗora wa

Waƙa ba ta zama a ciki. Ko kin danne ta, wata rana sai ta ɓulla ta hanci. Don haka ki tanadi mai ita tun kafin a tambaye ki.

Dibora ba ta tanada ba, amma Allah ya ba ta saurin baki. Wata yamma a wurin koyon waƙa, ana jiran mai kiɗan tulu ta iso, ta shagala tana ɗan rerawa ƙasa-ƙasa. Mama Margret, uwar zumunta, mace ce da kunnenta ke jin tari daga bencin ƙarshe. Ta ɗaga hannu aka yi tsit, ta tambayi inda waƙar ta fito.

"Wani tsohuwa ne ya koya mini, Mama," in ji Dibora. "A can bayan Gella, inda nake sayo gyaɗa."

Ki lura da hikimar da ke nan. Da ta ce Michika, da kafin ta rufe baki mata biyar sun tambayi gidan wa, don rabin zumuntar daga can suke. Bayan Gella kuwa duwatsu ne da ƙananan ƙauyuka, kowa ya san akwai su, ba kowa ya taka ba. Ki zaɓi wuri mai nisa, amma ba nisan da zai jawo zargi ba. Ki tabbatar tsohuwarki ba ta da waya. In an ce ai jikokinta na da ita, ki ce can sai an hau dutse ake samun sabis, kuma dutsen akwai birai.

A hankali tsohuwar ta yi jiki. Ta samu suna, Kaka Adi. Ta samu ido ɗaya da ba ya gani sosai, da awaki, da halin ƙin baƙi. Duk sanda Dibora ta ce ta je sayen gyaɗa sai ta dawo da sabuwar waƙa, alhali gyaɗarta a kasuwar Mubi take aunowa kamar kowa.

Ga ribar wannan mataki. Waƙar da Dibora ba za ta iya buɗe baki ta ce tata ce ba, da ta zama ta Kaka Adi sai ta rera ta da dukan ƙirjinta. In wata ta ce baitin nan ya yi tsawo a rage, Dibora kan taso mata haiƙan, wace ce ita da za ta gyara wa Kaka? Ta tsaya wa tsohuwar nan fiye da yadda ta taɓa tsaya wa kanta.

Mataki na uku: In yabo ya taho, ki sunkuya ya wuce

Wannan yana buƙatar motsa jiki. Yabo kan zo ba sallama, wani lokaci a bakin famfo, wani lokaci a cikin keke. In an ce muryarki ta yi daɗi, ki ce mura ce ta gyara ta. In an ce waƙar ta sa wance kuka, ki ce dama wance ba ta da wuyar kuka.

Ki shirya wa kaya kuma. Matan zumunta ba sa yabo da baki kawai. Suka fara ba Dibora saƙo ta kai wa Kaka Adi: sabulu, magi, man zafi don gwiwa, har da wata hular sanyi da wata ta saƙa da hannunta. Dibora ta rasa yadda za ta yi. In ta yi amfani da su ta zama ɓarauniya, in ta mayar asiri ya tonu. Sai ta dinga tura su ƙarƙashin gado, har ɗakinta ya koma ƙamshin shagon kayan masarufi.

Akwai ɗan ciwo a wannan mataki, ba zan ɓoye miki ba. Wata rana Mama Margret ta tsaya gaban kowa ta ce irin su Kaka Adi an daina haihuwarsu, matan yanzu ban da latsa waya ba abin da suka iya. Dibora ta gyaɗa kai tare da kowa. Da ta koma gida ta zaga bayan ɗaki ta yi kuka, don kishin tsohuwar take ji, kishi na gaske, kuma tana so ko sau ɗaya a ambaci sunanta. In haka ta same ki, ki sha ruwa ki wanke fuska. Alama ce maganin na aiki.

Mataki na huɗu: Kada ki saurari wanda ke son ki

A kowane gida akwai mutum ɗaya da zai nemi ɓata miki shiri. A gidan Dibora mijinta ne, Tizhe, direban keke mai ƙafa uku. Shi yake jin waƙar tun tana guntu-guntu, yau layi ɗaya, gobe a canja shi, jibi a dawo da na farko. Ran Lahadi kuma ya ji an sanar a coci cewa daga bayan Gella ta zo.

Wata safiya ya leƙa turmin, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Dibora, wannan Kaka naki a nan ciki yake kwana ne? In gaishe shi."

Ta jefe shi da ƙuli. Ya cafe ya cinye, ya fita yana rera waƙar, kuma ta samu labari yana gaya wa fasinjoji cewa matarsa ce ta yi. Sai da ta yi masa barazanar yaji sannan ya daina.

Hukuncin a nan mai sauƙi ne. Wanda ke son ki, shaidarsa ba ta karɓuwa, don so ya rufe masa ido. Wanda bai san ki ba, bai san komai ba. Shaidar da za ki riƙe hannu biyu ita ce ta matar nan da ta taɓa yamutsa fuska kina waƙa shekarun baya. Wataƙila haƙori ke damunta a ranar, amma kada ki bincika.

Mataki na biyar: In an matsa sai an ga tsohuwar, ki kashe ta

Komai daɗin shiri, ranar nan tana zuwa. Aka sa babban taron zumuntar mata na yankin a Mubi, bayan damina. A al'adar taron, kowace zumunta kan zo da waƙarta, a kira wadda ta tsara ta tsakiyar fili, a ɗaura mata sabon zane, a zagaye ta da rawa. Mama Margret ta yanke cewa bana Kaka Adi za a ɗauko, a gaban mota, duniya ta gan ta.

Dibora ta ce ruwa ya cinye hanya. Aka ce kafin lokacin ya janye. Ta ce ƙafar Kaka ta kumbura. Mama Margret ta ce ko a kujera ne za su ɗauko ta, ai suna da ƙarti a ƙungiyar matasa da ba su da aikin yi. Ta ce Kaka ta tsallaka Kamaru wurin 'yarta. Aka ce Kamarun nan da ake hangowa daga kan dutse?

Ki fahimci abin da ke gaban baiwar Allah. In aka gano ta yi shekaru tana shirga ƙarya a cikin coci, za a karɓe ba da waƙa daga hannunta, a zaunar da ita a bencin baya inda ake ajiye waɗanda ke ƙarƙashin horo, kowa ya shigo ya gan ta. Abin da ya fi wannan tayar mata da hankali shi ne a san waƙoƙin nata ne, a sake sauraren su da sabon kunne, a ce ashe shi ya sa.

Sai ta zo koyon waƙa da ɗankwali a karkace, ta sanar cewa Kaka Adi ta riga mu gidan gaskiya.

Aka yi kuka. Mama Margret ta fi kowa, har sai da aka riƙe ta. Dibora ta koma gida tana jin kamar an sauke mata buhu daga ka. Washegari da safe tana juya tunkuza, sai ga sabuwar waƙa ta taho, da amshinta da komai. Ta tsaya cak da muciya a hannu. Sai a lokacin ta gane ta toshe ƙofa ɗaya tak da waƙoƙinta ke fita, daga yau duk wadda ta zo sai dai ta mutu a cikinta.

Kada wannan ya dame ki. Wadda ba ta fitar da komai ba, ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Mataki na shida: Tuna da su wa kike zumunta

Wannan ya kamata ki karanta kafin na biyar. In kin riga kin kashe taki, laifin gaggawarki ne.

Matan zumunta na iya yafe miki rashin zuwa biki. Suna iya mantawa da suna. Amma ba a yi mutuwar da za ta wuce su ba su je gaisuwa ba, ko da mamacin sau ɗaya ya taɓa ba ɗayansu hanya a kasuwa. Balle matar da suka yi shekaru suna cin albarkacin bakinta. Kafin Dibora ta farga an sa ranar Asabar, an ce kowa ta zo da zanen zumunta, an haɗa masara da sukari da itace, an yi magana da motoci biyu.

Ta ce dangin ba sa son hayaniya. Mama Margret ta ce ba a tambayar mai makoki ko yana son gaisuwa. Tizhe da ya ji, dariya ta sa shi zama a ƙasa, daga baya da ya ga idon matarsa ya daina, ya ce ta faɗi gaskiya kawai tun kafin a ƙona mai. Ta ce gara motar ta faɗa mayo, wato rafi, da ita.

Mataki na bakwai: A hanya, ki manta hanya

Ki zauna can baya kusa da taga. Ki dafe kai. In an tambaye ki dama ko hagu, ki ce baƙin ciki ya ɗauke miki tunani, kuma da can a babur kike zuwa, hanyar babur daban take da ta mota. In kin yi sa'a za a yi ta yawo har rana ta yi zafi, a yi addu'a a gindin wata bishiya a juyo.

Haka Dibora ta yi, kuma da ta tsira, ba don direban motar gaba ba. Hamman sunansa, mutum ne da yake ɗaukar ɓatan hanya a matsayin zagi ga iyayensa. Da aka wuce Gella aka haye wani mayo, ya ga ba mai ba shi amsa, sai ya taka birki kusa da wani mai keke ɗauke da buhu, ya leƙo ya tambaye shi ina ne gidan da tsohuwa ta rasu kwanan nan.

Mutumin bai ko yi tunani ba. Ya nuna wata 'yar hanya da ta bi ta gindin dutse, ya ce su miƙe har su ga tsamiya.

Rubuta wannan a zuciyarki: ba a rasa ƙauyen da tsohuwa ta rasu kwanan nan. Dibora ta ƙara dafe kai. Matan kuwa suka gyara ɗauri, mai tulu ta fara gwada hannu.

Mataki na takwas: A gidan makoki, ki kama bakinki

Wannan shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi sauƙi, don ba a ce ki yi komai ba. A nan ɗalibata ta faɗi.

Sun tarar da tabarmi shimfiɗe a gindin tsamiya, kusan ba kowa a kai. Wani dattijo mai furfura, Ya'akubu, shi da matarsa da 'yan tsirarun dangi ne ke zaune. Mahaifiyarsa ce ta rasu, an binne ta farkon makon. Ta daɗe a duniya har ta binne duk sa'o'inta, ga shi lokacin girbi, wanda ya zo gaisuwa sai ya yi sauri ya koma gona. Sai ga motoci biyu sun tsaya, mata na ta fitowa cikin zane iri ɗaya, da buhuna a ka. Ya'akubu ya miƙe yana waige-waige, yana zaton gidan wani suke nema.

Bayan an gaisa an zauna, Mama Margret ta tashi ta yi jawabi. Ta ce sun zo ne daga Lokuwa su yi kukan Kaka Adi, uwar waƙa, wadda muryarta ta cika coci-coci a Mubi ba tare da ta taka garin ba.

Ya'akubu ya saurara da ladabi har ta gama. Sannan ya ce, cikin jin nauyi, sunan mamarsa Lidiya. Mama Margret ta ce ai tsofaffi ba sa rasa suna biyu. Ya ce Hausarta ba ta wuce sannu da nawa-ne ba, yaren Gude take yi. Mama Margret ta ce haka masu baiwa suke, sai su ɓoye wa na gida. Ya ce gaskiya in mama ta ɗaga murya a coci, na kusa da ita kan matsa. Mama Margret ta ce annabi ma ba a girmama shi a garinsu, ta koma ta zauna.

Kin ga dama irin wannan? Ƙaryarki ta samu kabari na gaske, da dangi, da tsamiya. Ba mai sake tambayarki har abada. Abin da ya rage kawai ki sunkuyar da kai ki yi shiru.

Ya'akubu ya dubi tabarmin da suka cika, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai san mama na da mutane haka ba. Ya shiga ba su labarinta, yadda ta ƙi yarda a hana ta noma har ƙarshe, yadda ta dawo daga gona ranar nan ta jingine fartanyarta a bangon ɗaki ta ce za ta ɗan kwanta. Ya nuna musu fartanyar, tana nan inda ta bar ta, da busasshiyar ƙasa a bakinta, ba wanda ya iya ɗaukewa. Gyaɗarta ma tana gona ta nuna, ba a tona ba. Daga nan ya roƙe su su yi masa ko ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka ce na mama ne, ya ji.

Mama Margret ta yi wa Dibora alama da ido. Tulu ya ɗauka, kacau-kacau ya bi. Dibora ta miƙe da niyyar ba da tsohuwar waƙa da kowa ya sani, na rantse da wannan niyyar ta tashi. Amma idonta na kan fartanyar nan, tausayin dattijon ya cika mata ƙirji, kunyar abin da ta yi masa ta hau kai. Da ta buɗe baki, ga abin da ya fito:

*Kaka Lidiya, ajiye fartanya,*
*Rana ta yi, shiga inuwa.*
*Gyaɗar da kin shuka tana nan a ƙasa,*
*Mu za mu tona, ke ki huta.*

Matan zumunta ba a koya musu amshi sau biyu. Suka cafe "ke ki huta" suka mayar mata, ta ƙara baiti, suka mayar. Matar Ya'akubu ta rufe fuska da zane. Sai a zagaye na uku aka fara kallon juna. Ba a taɓa koyon wannan ba. Sunan da ke ciki yanzun nan suka ji shi, fartanyar ma yanzu aka nuna musu. Mama Margret na amshi, amma idonta na kan Dibora, kuma ba kallon makoki ba ne.

Da aka tsaya, Ya'akubu ya share fuska da hularsa, ya matso kusa da ita.

"'Yata, wannan ma mama ne ya yi?"

Kalma ɗaya ake nema a nan, 'yar'uwa. E. Ko gyaɗa kai ma ya wadatar. Dattijon a shirye yake ya yarda.

"A'a, Baba," in ji Dibora. "Ni na yi. Yanzu na yi shi. Sauran ma duka ni ne. Babu wani Kaka Adi, ban taɓa zuwa garin nan ba. Ku yafe mini."

Kada ki zaci an rungume ta. Mama Margret ta miƙe a hankali, ranta a ɓace ƙwarai, ta tuna hular sanyi, ta tuna man zafi, ta tuna yadda aka riƙe ta a gaban yaran da ta haifa.

"Dibora. Ke kin sa ni da girmana na yi kuka wa mutumin da babu?"

Dibora ta sunkuyar da kai. Ya'akubu ne ya amsa.

"Mama, kukan bai lalace ba," ya ce. "Akwai mai shi a nan. Tsohuwa na ne bai samu masu kuka ba."

Ya juya wurin Dibora ya ce ta sake yi, a hankali, don matarsa da jikoki su riƙe. Ta sake. Mama Margret ta daɗe a tsaye tana huci, sannan ta karɓe kacau-kacau daga hannun ta kusa da ita, ta ce ana jan amshin da yawa, a bi ta.

Wanke hannu

Mai wannan darasi ba ta da alhakin duk abin da ya samu wadda ta tsallake mataki, ko ta bi su a birkice, ko ta je gidan makoki ta tsaya kallon fartanya.

Ba ruwana da makonnin da Dibora ta yi a bencin baya, don ƙarya ƙarya ce, Mama Margret ba ta rage mata ko Lahadi ɗaya ba. Ba ruwana da ciwon bayan da ya kama zumuntar gaba ɗaya, bayan uwar zumunta ta yanke cewa tunda an ce "mu za mu tona" a gaban Allah da jama'a, sai an koma an tona. Ba ruwana da zanen da aka ɗaura mata a tsakiyar fili ranar babban taro, tana tsaye tana jiran wani ya taso ya ce an yi kuskure. Duk wadda ta ce miki tsoron ya bar ta, ba ta san ta ba. Har yau in aka ce ta kawo sabuwa sai ta rantse wa Tizhe ta ƙare, ba sauran komai a kanta, shi kuma ya ce to, ya je ya leƙa turmi.

A can bayan Gella kuwa, na ji duk tsohuwar da ta rasu yanzu da waƙar fartanya ake raka ta, suna kawai ake canjawa. In baƙo ya tambayi mai ita, Ya'akubu kan ce wata mai ƙuli ce a Lokuwa, Dibora, ya faɗi sunan sau biyu don kada a manta. Wannan ɓarna ba da yawuna aka yi ta ba.